Awarwaronki Ya Ƙi Fita Daga Hannuna

Jidda, bayan Bab Makka
19 ga Rajab, 1387

Zuwa ga Bashira,

Ya sanyin idona, ya inuwar da nake gudowa in fake idan ranar Jidda ta tsaya a tsakar kai! Ya iskar arewa mai tasowa daga teku da sassafe, ya ruman ɗin Ɗa'ifa da ba a taɓa tsintar ƙwaya mai tsami a cikinsa ba! Amincin Allah ya tabbata a gare ki adadin ganyen raihanin nan mai ƙamshi da kika shuka a gindin randa. Idan yayanki Abdulghani ne ya karɓi takardar nan daga hannun Othman direba, kuma shi ke karanta miki, ina gaishe shi da ladabi, ina roƙonsa ya rage murya.

Yau kwana hamsin da uku da kika ƙulle kayanki kika hau mota zuwa Ɗa'ifa, kika bar ni da akuya ɗaya, kyanwa ɗaya, kunkuru ɗaya, da bakina da ya jawo mini. Ba zan gyara abin da ya faru don in fito da kyau ba. Dashen kukata, wanda na rena shekara bakwai cikin gwangwanin man shanu, daga ƙwayar da mahaifiyata ta ƙulle mini a bakin zane ran da na baro garinmu Mai Wurno a ƙasar Sudan, shi ne akuyarki Mudira ta halaka. Na dawo daga lambun gidan da nake aiki na tarar da gwangwani da ƙasa. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, na ce ki zaɓa, ko ni ko dabbobin nan da kika mayar 'ya'ya. Na faɗa wa matar da muka shekara goma sha ɗaya muna jiran haihuwa tare wannan magana! Ba ki yi kuka ba. Kika zare awarwaron da na kawo miki ran aurenmu, kika ajiye a kan rediyo, kika ce, "Ban zaɓi kowa ba. Zauna da su har ka san su." Wayyo Bashira, na san su. Wallahi na san su!

Bari in fara da Mudira, tunda da ita aka fara. Kwana uku ina sayo mata ɗanyen barsim, ciyawar da kowace akuya a garin nan za ta tsallake katanga dominta. Ta dube shi, ta dube ni, ta juya mana baya mu biyu. Sai da maƙwabciyarmu Inna Larai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Kai Na'ibi, wannan ai jarida take ci." Na san tana cin takarda, amma na zaci ɓarna ce. Ashe abinci ne, mai ƙa'ida kuma! Sai jaridar jiya. Ta shekaranjiya, ta shinshina ta yi atishawa. Ta yau, ta ɗaga kai kamar mai cewa ba ta nuna ba. Kuma ba ta cin hoton mutum. Takan bi gefensa da haƙora a tsanake ta bar fuskar, har tsakar gidanmu ta cika da kawunan 'yan ƙwallo suna kallona duk inda na juya. Sannan na tuna jarida ba ta rasa sunan Allah, ba a kuwa ba dabba. Na ɗauko almakashi na zauna ina bin layi layi ina yankewa, wuyana ya sage, idona ya yi ruwa. A nan ne na gane abin da kike yi da almakashin nan kullum bayan la'asar, lokacin da nake cewa kina wasa da takarda.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, ya hasken gidana. Wa ya naɗe dashen kuka da jarida don kada zafin rana ya ƙone shi? Ni ne. Jaridar yaushe ce? Ta jiya! Da hannuna na dafa mata, na zuba mata, na kawo mata har gabanta, sannan na zo ina ihu. Ba kuka ta nufa ba, baiwar Allah. Tauna ta haɗa da ita, ta ma tofar da ita bayan randa. Na tsince ta can bayan tafiyarki.

Sai Basha. Muzurun da aka haifa a bakin teku, a garin da kifi ke kwance tuli a kasuwar Bangala, amma a ce ba ya cin kifi! Na kawo masa soyayye, na kawo ɗanye, na cire masa ƙaya kamar jariri. Ya tura da ƙafa. Abincinsa farin cikin ɓawon kankana, ba jan ba, da zaitun guda biyu. Ɗaya ya ci, ɗayan ya kwanta a kansa yana birgima kamar wanda aka yi wa albishir. Da na gano haka na ce halas, shi ke nan, na huta. Ina! Na yanka, na jera a kwano, na kira shi da duk sunayen da kike kiransa, ya zauna a kan katanga yana ramewa yana kallon ƙofa. Rana ta shida ina share kan rediyo, hannuna ya bugi awarwaronki. Kacau! Kafin ƙarar ta mutu yana gaban kwano.

Na ɗauka kaɗawa kawai zan yi. Ya ƙi. Sai ƙarar ta fito daga hannun da ke miƙo abincin. To, ya zan yi? Rai ne, kuma amanarki ce. Na shafa sabulu na tura hannuna cikin guda uku. Basha ya ci. Na zo cirewa, ɗaya ya fita, sauran biyun suka tsaya a bayan ƙashin wuyan hannu suka ce nan ne gida. Na gwada sabulu, na gwada man zaitun, na gwada yauƙin kuɓewa. Maƙeri ya ce zai yanke. Ya yanke awarwaron aurenki? Gara ya yanke hannun!

Ran Juma'a na ja hannun riga na rufe, na shiga sahu. Liman ya yi kabbara, na ɗaga hannu: kacau-kacau! Aka yi ruku'u: kacau! Allah ya yafe mini, ban san me na karanta ba. Da muka fito, ga Basha zaune a kan takalmana yana jiran kankana. Maƙwabcinmu Malam Saleh ya ja ni gefe ya ce, "Ya sheikh, ƙarar nan daga jikinka take ko daga kunnena?" Kunya ta sa na ce maganin sanyin ƙashi ne, wani boka ya ba ni. Juma'ar da ta biyo sai ga shi da na matarsa a hannu, yana ce mini ya fara jin sauƙi. Yanzu mu huɗu ne a sahun. Bashira, ki dawo ki tsayar da abin nan kafin ya kai ga liman!

Kunkurunki Shuwayya kuwa, wanda na ɗauka shi ne salihin cikinsu, shi ya kusa raba ni da maƙwabta. Ba ya cin komai sai ja. Tumatir, furen zoɓo, jan barkono in an cire 'ya'yan. Da tumatir ya yi wuya a kasuwa, na jiƙa kokwamba cikin ruwan zoɓo na ba shi. Ya ci kwana biyu. A na uku ya gatsa, ya ga fari a ciki, ya shige ƙoƙonsa ya yi mini yaji har kwana huɗu. Kowa a gidan nan ya iya yaji sai ni. Da ya fito da yunwarsa, Inna Larai ce ta shigo karɓar turmi, ƙafarta ta sha lalle. Ta tsaya muna gaisawa, gaisuwarta kuwa kin san tsawonta. Ya taso tun daga gindin bishiyar lauz ta tsakar gida, ya iso tana tambayar mutanen Sudan ɗaya ɗaya, ya kama babban yatsa. Ihun da ta yi, Adamu mai ruwa ya ji daga bakin titi ya yar da gwangwanayensa.

Ga shi kuma kaka ta shigo, ya raɓar safiyata, ta shigo ba ki nan. Gumin nan mai danƙo da ke sa riga ta manne a baya ya fara ja da baya. Da asuba iska na shigowa ta tagar arewa da ɗan sanyi, tana ɗaga labulen da kika ɗinka, tana neman wanda za ta gaisar. Tsattsewa na wucewa kudu jeri jeri. Gajimare na taruwa a kan teku da yamma, ya yi kamar zai zo, ya fasa, kamar wata da na sani. Ganyen lauz ya fara ja yana faɗowa, Shuwayya na bin kowane ɗaya da wuya a miƙe, yana isa iska ta ɗauke. Na gyara fangali uku, na zuba lalo da rama da kuɓewa. Kuma ki ji abin kunya ga mutumin da ya shekara ashirin yana aikin lambu: abin da ya fi komai kyau a gidan bana ba ni na shuka ba. Kankana ce ta tsiro a inda nake zubar da ragowar Basha, ta sha takin Mudira, ta yi yaɗo har ta kama ƙafar gadonmu na tsakar gida. Akuyar da ke cin labarin duniya ashe takinta ya fi na kowa.

Duk wanda ya gudu Ɗa'ifa don zafi ya sauko. Iyalin kafilina, mai gidan da nake wa aikin lambu, sun sauko da kwandunan inabi. Kullum na tsaya a tashar Bab Makka ina duban motoci suna sauke mata da akwatuna, ina ƙirga mayafai. Me ya rage a kan dutsen nan, Bashira, in ba sanyi da fushinki ba? Wane ruman ne bai ƙare ba? Wace fure ce ba ta kaɗe ba?

Kin tuna kaka ta fari da muka yi a gidan nan? Babu komai a tsakar gida sai gishiri da tsakuwa. Ina haƙa, kina biye da ni da irin raihan, hannuwanki duk laka, sai kika zuba irin a baki don ki gyara ɗankwali. Na juyo na faɗi wata maganar banza, dariya ta kama ki, kika haɗiye duka. Kika zaro ido kina tambaya ko zai tsiro. Na rantse miki zai tsiro. Ban yi ƙarya ba. Shekara goma sha ɗaya, duk ɗakin da kika shiga kika fita sai ya yi ƙamshi, kuma yau na bi ɗakunan nan biyu ina shinshinawa kamar Mudira a gaban tsohuwar jarida, ban sami komai ba.

Na yi kuskure, ya ruhina. Ba batun kuka ba. Kuka itace ce, mahaifiyata za ta aiko da wata ƙwayar. Kalmar da na jefe ki da ita nake nufi. Jiran nan namu ne mu biyu, ni na juya shi ya zama wuƙa na soke ki da shi. Idan kin mayar da su 'ya'ya, to ai an sami uwa a gidan, uban ne ya makara. Ki yafe mini don Allah. Na karɓi izinin kwana biyu a wurin aiki, ran Alhamis zan biyo Othman. Ba ni da wanda zan bar wa su, don Inna Larai ta rantse ba za ta sake taka gidan ba sai da rufaffen takalmi, saboda haka tare za mu zo. Othman ya yarda Mudira ta hau baya muddin ba ta kusanci takardun motarsa ba. Ki gaya wa Yaya kada ya firgita in ya buɗe ƙofa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni jira har Alhamis ban rubuto ba. Na rame, Bashira. Wandona sai da na ƙara masa ƙulli. Nakan dafa shinkafa yadda na ga kina yi, ta fito fara tas, ta nuna daidai, in sa loma biyu in ture. Na sayo ta kasuwa, haka. Shekaranjiya Inna Larai ta gan ni ta kan katanga ina juya cokali a kwano, ta ce, "Ba za ka iya ci ba, ba ta kama ba." Na ce ai abin da nake yi wa Bashira gori ke nan tun da muka yi aure, kullum shinkafarta sai ta kama gindin tukunya. Ta dube ni kamar yadda ake duban maras lafiya. Ta ce, "Yarinyar da na koya wa girki da hannuna? Ba ta taɓa ƙona abinci a gidan ubanta ba. Tun satin farko ta lura ƙanzo kake fara ci, kana ci kana mita. Da gangan take barin ta a wuta."

Na koma ciki na ɗora tukunya, na bar ta ta kama. Na kankare na ci a tsaye, ina ci hawaye na zuba a ciki. Ya ƙone, amma bai yi ba. Ban san minti nawa kike ƙara mata ba, kuma ba na so kowa ya gaya mini sai ke.

Ni ne naki, a zafi da kaka, a ƙoshi da yunwa, ba ni da wata tukunya ba ni da wata ƙofa, har ranar da za a kwantar da ni a ƙasar garin nan mai gishiri.

Mijinki,
Na'ibi