Takarduna Sun Riga Ni Komawa Gida

Laraba da dare, Al Ras, ƙasar Larabawa, 2006

"Ai tsohuwar jarida ce, Madam," in ji Alhajin da nake yi wa aiki, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. "Da me kike so a naɗe kwalaben turare?"

Gaskiyarsa, jarida ce. Kwafin sharhunan da wani marubucin labarai Bafaranshe ya riƙa yi wa jaridun Paris ne a ƙarni na sha tara. Daga laburaren jami'a a Yamai na taho da su, don in ƙarasa kundin digirina in koma koyarwa. Na bar su kan teburin ofis na tafi sallah, masu ɗaurin kaya suka ga takarda kyauta.

Mutumin da ya sha yi wa 'yan kasuwar zamaninsa ba'a, yau shi ke tsare musu kwalba. Har na kusa dariya.

Na ce to ya ba ni fasfona in je in sake kwafa.

"Bayan Hajji, inshallah."

Haka ya ce bara.

Na tsaya har aka rufe ƙofar kwantena. Takarduna za su isa gida Maradi ba biza. Ni na ɗauki jakata na nufi ɗaki.