Fim ɗin da Fasto Ya Nuna Mana

Daren Alhamis, Malumfashi

Kaina har yanzu yana amsa kuwwa. Yau Fasto ya tara mu 'yan zumuntar mata, saboda tun da Mama Saratu ta ce ina gaggawa wajen buga tulun kiɗa muka daina gaisawa, ga bikin godiyar kaka ranar Lahadi, ba mu haɗa waƙa ko ɗaya ba.

Wai don mu ɗauki darasi, ya kunna mana fim ɗin wasu Turawa makaɗa, gashi har kafaɗa, kiɗansu kamar injin gurzar auduga na Funtua. Mawaƙinsu ya ce mai ganga yana gaggawa, mai gangar kuwa ya jefe shi da sandunan kiɗi. Wallahi sai da raina ya yi sanyi.

Fasto ya ce, "To iyayena, me kuka koya?"

Mama Saratu ta ce, "Ashe har a Turai makaɗa ba sa jin magana."

Fasto, bawan Allah, sai ya rufe kwamfutarsa.

A keke muna dawowa Mama Saratu ta zungure ni, ta ce, "Ke dai, Maman Bitrus, ba ki taɓa jifana da tulu ba."

Na ce, "Na coci ne, Yaya."

Muka yi ta dariya har mai keke ya waiwayo. Gobe akwai gwajin waƙa. Zan rage gudu, amma kaɗan.