Na'urar Da Muka Ce Tana Aiki

Zuwa ga Farfesa, Daraktan cibiyar binciken da na yi wa aiki, kuma malamina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali. Allah ya ƙara nisan kwana.

Ni ce Hadiza, 'yar unguwar Sheshe a birnin Kano, wadda Malam ya koya wa ilimin sinadaran jiki tun tana aji biyu a jami'a, ya kuma ɗauke ta aiki da hannunsa. A makon jiya takarda ta same ni daga ofishin Malam, ana roƙon in raka sababbin ma'aikata cikin gari su karɓi jini da fitsarin mutane domin wani sabon bincike, tunda ni mutanen suka sani. Na ga ya fi kyau in ba da amsa a fili, domin maganar ba tamu ce mu biyu ba. Akwai mutanen da suka daɗe suna jiran ta.

Saboda masu karatu, bari in faɗi aikin da muka sa a gaba. Ciwon ƙoda ya yi yawa a cikin gari, kuma ba a gane shi sai ƙafa ta kumbura, lokacin da abu ya riga ya yi nisa. Yayana ma haka ya tafi. Tunaninmu shi ne, kafin ciwon ya bayyana, ƙoda takan fara zubar da wasu furotin a cikin fitsari. Idan aka gano su wane ne, wata rana za a iya kama ciwon da wuri. Na'urar da ke wannan aiki ita ce muke kira mas-spek. Tana auna nauyin gutsattsarin furotin, daga nauyin kuma a gane wane furotin ne. An samo mana ita da tallafin wasu masu taimako daga waje. Ranar da aka sauke akwatunanta, Malam ya tuna, har addu'a muka yi.

Neman fitsarin dattijo ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar da aka haifa a gabansa. Sati biyu ina yawo da kwalabe a jaka, kunya ta hana ni buɗe baki. Wanda ya fitar da ni shi ne Baba Ɗanlami, shugaban 'yan dako a kasuwar Ƙofar Wambai, abokin mahaifina, wanda shi ma Malam ake ce masa. Da na gama kame-kamena sai ya yi dariya, ya ce, "'Yar Malam, abin da muke zubarwa a kwata ne kike jin kunyar roƙo? Kawo kwalbar." Shi ya fara bayarwa, sannan ya tara mini 'yan dako, da masu rini, da matan gidansa. Na yi musu alkawari da bakina cewa duk abin da muka gani, zan dawo in faɗa musu.

Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, maganar sa hannu. Injiniyan kamfanin ya zo daga ƙasar waje ya fara haɗa na'urar, sai tashin bama-bamai ya fara a gari. Kamfaninsa ya kira shi, ya tafi bai ko haɗa famfon da ke zuƙe iska daga cikinta ba. Muka lulluɓe ta da leda. Bayan wata uku masu tallafi suka nemi rahoto. Malam ya kira ni ofis, ya miƙo mini takarda mai cewa an kammala haɗa na'ura, tana aiki. Na ce, "Malam, ai ko kunna ta ba a taɓa yi ba." Malam ya ce, "Hadiza, in suka ji gaskiya janye tallafin za su yi, su ce Kano ba ta zaunuwa. Sa hannu, in ƙura ta lafa a gyara." Na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Da gari ya ɗan yi sauƙi muka nemi injiniya ya dawo, kamfanin ya aiko mana da hoton takardar nan mai ɗauke da sunana. A wurinsu aiki ya ƙare, wa'adin gyara kyauta kuma ya wuce.

Na biyu, maganar firiza. Furotin ba ya jure zafi, dole kwalaben su zauna cikin ƙanƙara dare da rana. Da aka sa dokar hana fita ta kwanaki, Malam ya ba da umarni a ɗauke janareton ɗakin gwaji a kai bakin ƙofa, domin fitilun tsaro. Na fahimci tsoron da ake ciki, ni ma ina cikinsa. Amma a lokacin ba wanda ya kira ni ya faɗa mini. Takardar izinin wucewa kuma an raba wa ma'aikatan ofis, an manta da na ɗakin gwaji. Ranar da maigadi ya buga mini waya, na fito a ƙafa daga Sheshe, na isa shingen jami'an tsaro na Ƙofar Ɗan Agundi hannuwana a sama kamar kowa. Na yi wa jami'in bayani iyakar iyawata. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, mutane na mutuwa, ke kina maganar fitsari. Koma gida." Ban ga laifinsa ba. Sai a rana ta huɗu na shiga. Tun daga baranda wari ya tare ni. Na buɗe firiza, ruwa ya zubo mini a ƙafa. Na zauna a ƙasa ina ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ina duba lambobin da na rubuta da hannuna, kowace lamba na san fuskar mai ita.

A nan ma ina da nawa kason. Kafin dokar, wata abokiyar karatuna da ke aiki a kudu ta ce in aiko mata da rabin kwalaben ta ajiye mini, ko ma ta gwada su a tasu na'urar. Na ƙi. Ina so a ce a Kano aka yi aikin, kuma 'yar Kano ta yi shi. Da na saurare ta, da rabi ya tsira.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Na nemi izini in koma Wambai in faɗa wa mutane abin da ya faru. Malam ya hana, ya ce magana za ta kai kunnen masu tallafi. Na yi biyayya. Na daina bin hanyar kasuwa, nakan zagaya ta lungu don kada mu haɗu. Bayan shekara biyu mahaifiyata ta ce mini Baba Ɗanlami yana kwance. Na je dubiya. Na same shi a soro, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Bayan mun gaisa ya ce, "'Yar Malam, kwalbata fa? Me ta ce?" Na ce, "Ana kan aiki, Baba." Ya ce, "To, Allah ya taimaka. Ko ban gani ba, yara sa gani." Bai ƙara wata biyu ba ya rasu.

Ba zan ce na'urar ce za ta cece shi ba. Bincike muke yi, ba magani ba, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma dattijon da ya rufa mini asiri a gaban jama'a, na dubi idonsa yana cikin ciwon ajali na yi masa ƙarya. Wannan ce ta sa na ajiye aiki, ba dalilin iyali da na rubuta a takardar murabus ba.

Har yau, an ce mini, in baƙi sun zo akan yaye ledar, a goge na'urar, a tsaya a gabanta a ɗauki hoto. Ɗalibai kuma suna rubuta jarrabawa a kan abin da ba su taɓa jin ƙararsa ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙo a rubuta wa masu tallafi gaskiya, a janye takardar nan. A sa sunana a ciki, ni ce na sa hannu.

Ina roƙo a nemo injiniya ya duba na'urar. In za ta tashi, a tashe ta. In ta mutu, a faɗa, a daina nuna wa baƙi.

Ina roƙo kada a karɓi ko ɗigon jinin kowa sai firiza ta sami wutar da ba wanda zai iya ɗauke ta da umarnin baki.

Na ƙarshe, ina roƙon Malam ya ba ni yamma guda. Mu je Ƙofar Wambai tare, bayan la'asar, lokacin da 'yan dako ke hutawa. Har yanzu akwai waɗanda suka ba mu amana suna raye, ga kuma iyalan waɗanda suka rasu. Ni zan fara magana, in faɗi nawa laifin. Malam ya faɗi nasa. In sun yafe, kuma suka yarda su sake bayarwa, ni zan ɗauki jakar kwalaben da kaina. In sun ƙi, sun yi daidai. Kafin wannan yamma, ba zan raka kowa cikin gari ba.

Ban rubuta wannan don in zubar da girman Malam ba. Duk abin da na sani a wannan fanni daga bakinsa na fara jin sa, har da cewa mai bincike ba ya rubuta abin da bai gani ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya sa ya gama da aiki lafiya. Allah ya ji ƙan Baba Ɗanlami da duk waɗanda muka rasa a shekarun nan. Allah kada ya maimaita mana su, ya yafe mini, ya yafe wa Malam.

Wassalam, daga ɗalibarka,
Hadiza, Sheshe, cikin birnin Kano.