Kofin Inna Ya Ƙara Nauyi

Yaya Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Salima da yara. Yaya albasar bana a Marnona? Ni lahiya lau nike nan Alƙahira, tsayuwar girki ce kawai ke kumbura min ƙafa.

Hajiyar da nike yi ma aiki tana da ciwon suga, don haka komi sai an ɗora a sikeli. Akwai wani babban wake da suke kira ful. In na ɓare shi, cikin kofin silbar da Inna ta ba ni giram ɗari da hamsin ne, bai taɓa sauyawa ba.

Tun Jumma'a, in na zuba kofi biyu sikeli ya nuna ɗari uku, sai ya ƙara hawa da kanshi ina kallo. Hajiya ta ce, "Mi kike ƙarawa?" Ta sawo sabon sikeli, shi ma haka.

Ka san Inna ba ta awo ba ta ƙara ɗan hannu ba, wai na baƙo. Jiya na baje waken a tire, sai ga farin wake irin na gonarmu a ciki. Babu irinshi gidan ga.

Yaya, duk sadda na kira sai ku ce Inna tana barci. Don Allah in ta farka ka ba ta waya in ji muryarta. In kuma ba za ta farka ba, ka faɗa min.

Allah shi tsare ku.

Ƙanwarka,
Adawiyya