Ramin da ke jikin shaddata

Mardiya,

Jiya kin rantse mini mai presin, mai wanki da gugan nan, shi ne ya ƙona shaddata wajen guga. To, kina barci na je shagonsa a Belleville na zazzage masa masifa har mutane suka taru. Ya bari na gaji, sannan ya shimfiɗa rigar ya ce, "Madam, guga ba ta yin ɗan rami zagaye haka, wannan garwashi ne. Yarinyar da ta kawo rigar da kanta ta nuna mini, ta ce in ɓoye shi."

Na ce ƙarya yake, na fito na buga masa ƙofa. Sai a metro, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tuna ƙawata Hajiya A'i ta ce ta ga wata da irin shaddata a bikin da aka yi a unguwar Stains, tana ta rawa kusa da kaskon turare. Ni dai ban je bikin nan ba.

Na wuce gar, tashar jirgin ƙasa, za mu Lyon suna. Ki je ki ba bawan Allah haƙuri, sannan ki kira ni. In jirgi ya tashi ban ji ki ba, kusa da Hajiya A'i zan zauna har Lyon, kin kuma san bakina.

Kakarki