Ba dutsen yaji ba ne

Laraba, 12 ga Maris, bayan isha'i

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau ni da darakta muka kai ƴan ajina gidan tarihi. Saurayin da ke mana bayani ya tsaya gaban wani shafaffen dutse da siririn ƙarfe a kansa, ya ce da shi matan dā suke niƙa yaji. Yara suka duƙufa suna rubutawa a littattafansu.

Na so in kama bakina, don darakta ba ya son gardama a gaban mutane. Raina ya ƙi. Na ce, "Malam, yi haƙuri, wannan magurji ne. Auduga ake ɗorawa, a murza ƙarfen, angurya ta fice gefe."

Ya ce, "Madam, haka aka rubuta a takardar."

Na ce, "To, mai rubutun bai zauna gindin kakarsa ba. Ni na gurza wa Iya auduga a Tasawa har tafin hannuna ya yi kanta."

Darakta ya harare ni. Sai ga tsohon mai gadi daga bakin ƙofa: "Gaskiyar Madam. Da irinsa uwata ta yi mana sutura." Darakta ya yi gyaran murya, ya ce yara su goge.

Na dawo gida ina ta hura hanci. Sai yanzu na tuna inda magurjin Iya yake: da shi muke tokare ƙyauren akurkin kaji.

Hutun nan zan ɗauko shi. Yaran nan sai sun fidda angurya da hannunsu.