Sarauniyar Hankalawa

Malam,

Sallama da gaisuwa. Na san ba za ka karanta wannan ba, to amma da ranka ma ba sauraro kake yi ba.

Garin Garwa yana nan da zafinsa. Ƙaninka ya karɓi rumfarka ta nama, kuma kamar yadda na sha faɗa maka, hannunsa nauyi ne da shi a kan sikeli.

Maganar ɗanka na fari ce ta sa na ɗauki biro. Tun da aka kai ka makwanci bai zubar da hawaye ba. Maƙwabtanmu Fulani sai yabo suke, wai yana da pulaku, dauriya da kunya irin tasu. Ni tsoro ya kama ni. Wane irin ɗa ne ba ya kukan ubansa?

Daga jami'ar Ngawundere ya kwaso wani wasa. Shi da abokansa su kewaye teburin cin abincina da takardu da ɗan lido, kowa ya ce shi mutumin wata duniyar sama ne. Na ɗauka caca ce, na zo da tsintsiya. Ya yi mini bayani cikin sanyin murya: shi ya ƙirƙiro wata al'umma, Hankalawa, ba sa dariya, ba sa kuka, komai sai da hujja. Na ce madalla, ashe a sama akwai tarbiyya.

Sai na duba zanen sarauniyarsu. Tabarau a bakin hanci, leɓe a tsuke, kuma ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba. Malam, har ɗaurin kallabina!

Kunyar ɗan fari laifi ce? Haka aka rene ni. Kai ma ban taɓa ce maka ina jin daɗin tarinka a zaure ba, alhali da shi nake sanin ka dawo.

Na zauna don in gyara musu wasan. Dokarsu, wanda ya jefa shida sai ya faɗi abin da ke ransa. Shida ta fito mini. Na nemi wa'azi na rasa. Sai na ji bakina ya ce Habibu, sunansa da ban taɓa kira ba.

Yaron nan ya kifa kai a tebur ya yi ta kuka, har ya jiƙe duniya biyu da jirgin sama ɗaya. Na yi masa faɗa a kan ɓarnar takarda, amma ban ɗauke hannuna daga kansa ba.

Allah ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Matarka,
Hajara